Ranar da Muryar Nasira Ta Dushe

Da la'asar sakaliya Hajiya Fanna na zaune bisa tabarma a gindin bishiyar bedi ta tsakar gida tana haɗa turaren wuta, autarta Raliya na kwance gefe tana latsa waya, sai aka ji sallama daga zaure.

"Sa… sa… salamu alaikum."

Raliya ta tashi zaune ta toshe baki da mayafi. "Inna, ga surukinki nan! Ki ɗora tuwo, kafin ya ƙare sallama ya nuna."

Hajiya ta taɓe baki. "Surukin wa? Allah ya sawwaƙe. Ke Nasira! Fito, mai lambunki ya zo."

Nasira ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali, ta harari ƙanwarta, ta wuce zaure.

Duk faɗin Gure babu wanda bai san muryar Nasira ba. Ita ke gabatar da shirin hantsi a rediyon garin, Muryar Kwari, kuma daga Bune har Alakos, makiyayi a bakin rijiya da tsohuwa a bakin murhu, kowa na jiran ta ce, "Jama'a, barkanmu da hantsi!" Murya ce mai sanyi da zaƙi, ko sanarwar ɓatan raƙumi ta karanta sai mutum ya so ta maimaita.

Shi kuwa Ilyasu, wanda ke tsaye a zauren da kwandon dabino a hannu, lambu gare shi a cikin kwari, dabino da rogo da albasa. Dogo ne, mai tsabta, mai kunya, sai dai Allah ya yi shi da in'ina tun yarinta. Sun haɗu ranar da ta je kwarin ɗaukar shiri kan yashin da ke cinye lambuna. Manoma suka yi ta rububin magana a mikoro, na'urar ɗaukar murya, shi kuwa ya ɗauki jakarta ya bi ta a baya cikin rana, da takalminta ya tsinke ya cire nasa ya ajiye mata, ya taka yashi mai zafi da ƙafa. Tun daga ranar ya shiga ranta. Mahaifinta, wanda ake kira Mushe Burahima don tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya karɓi gaisuwar magabatan Ilyasu da hannu biyu, amma kafin a sa rana Allah ya yi masa rasuwa. Daga nan maganar ta koma hannun Hajiya da babban ɗanta Mahaman, kuma su biyun ba su taɓa kallon Ilyasu da idon mutunci ba.

Da Nasira ta dawo cikin gida da kwandon, ta tarar Mahaman ya shigo. Shi Mahaman ba ya da wata sana'a da za a nuna, sai yawo da babbar riga yana gaya wa mutane, "Ni ne yayan Nasira ta rediyo," a ba shi kujerar gaba a wurin biki. Ya kai hannu ya ɗebi dabinon ya watsa a baki.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji shi yana tauna. "Ke da bakinki ne arzikinki, ki rasa wanda za ki aura sai wanda kalma ɗaya ke kayar da shi? In kun haihu wa yaran za su gado?"

"Yaya Mahaman, dabinonsa ne fa a bakinka."

"Dabinon ba ya in'ina ai!"

Raliya ta faɗi ƙasa don dariya, Hajiya ma ta dara. Nasira ta shige ɗaki idonta ya cika da hawaye. A wancan lokacin har cikin ranta zafin abin take ji.

Ba a daɗe ba wata tashar talabijin mai zaman kanta a Damagaram ta aiko tana neman ta. Ranar gidan kamar ana salla. Mahaman ya zagaya unguwa yana shela, Hajiya ta yi guɗa.

"Tele ce fa, tele!" in ji Mahaman. "Yanzu manyan mutane za su gan ki. Maganar mai lambu kuma a rufe ta."

Nasira ta sami Ilyasu ta gaya masa, tana tsoron ya hana. Ya dube ta yana murmushi.

"Ki… ki je. Baiwarki ce. Ni ina… ina nan."

Suka yi alkawari in kaka ta yi za a ɗaura aure, ko Hajiya ta so ko ta ƙi, tunda baffanta, ƙanen mahaifinta, yana nan da rai kuma ya san maganar.

Damagaram ta karɓi Nasira fiye da yadda ta zata. Ta fara da karanta sanarwa, aka ba ta shirin mata, daga baya aka ba ta babban shirin tattaunawa na ranar Asabar. Ta koyi zama gaban kamara, ta koyi kwalliyar fitilu, ta koyi yanke wa baƙo magana da murmushi in ya cika surutu. In ta shiga kasuwa sai ta ji ana, "Ga ta nan, ita ce!" Masu shaguna su aiko mata da atamfa don ta sa a shiri. Wani Jamilu, ma'aikacin wata ƙungiya mai farar mota, ya shiga kai ta gida bayan aiki, yana mata Faransanci kamar ruwa. Kaka ta zo ta wuce, Hajiya ta ce a bari sai ta zauna da gindinta a aiki. Nasira ba ta yi gardama ba.

Ilyasu na kira kullum. Da fari takan jira shi. Sannu a hankali sai ta fara ƙarasa masa magana.

"Na… na ce ya… ya…"

"Ya aiki? Lafiya lau."

"Da… da ma…"

"Da ma kana son ka ji muryata, na sani. Pardon, Ilyasu, za mu shiga studiyo, sai anjima."

Wani lokacin ba abin da zai faɗa ke nan ba, amma ba ta tsaya ta ji ba. Ta kashe waya ta yi tsaki. Abin da da take jin kunyar a yi a gabanta, yanzu ita ke yin sa, ba ta ma lura ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi, tana zaune a harabar tashar tare da abokan aikinta da Jamilu ana shan shayi, mai gadi ya shigo da baƙo. Ilyasu ne, cikin sabuwar shadda mai ruwan ƙasa, da buhun dabino a kafaɗa. Ya kawo kaya kasuwar Damagaram, ya ce bari ya ga inda take aiki. Fuskarsa cike da fara'a.

"Ba… ba… barkanku da…"

Kalmar ta maƙale. Ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Wata mai karanta labarai ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Jamilu ya ɗaga gira.

"Nasira, wane ne wannan? Ɗan'uwanku ne?"

Nasira ta dubi Jamilu, ta dubi takalmin Ilyasu da ƙurar tasha ta rufe. Ta yi ƴar dariya.

"A'a, mai kawo mana dabino ne daga gida. Ajiye nan, malam, mun gode."

Ilyasu ya buɗe ido. Ya kalle ta kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin kallon da mutum ke yi wa gidan da ya sani ya tarar an rushe. Ya sauke buhun a hankali ya jingine shi da bango.

"Na ji," in ji shi. Wannan karon ko gargada babu.

Ya juya ya fita. Tun daga ranar bai sake kira ba. Da labari ya isa Gure, Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi, ƙaya ta fita," Mahaman kuwa ya fara kiran Jamilu "surukinmu" tun mutumin bai aiko kowa ba.

Ciwon ya fara kamar wasa. Muryarta ta ɗan shaƙe, ta ce mura ce. Ta sha citta da zuma, ta ci gaba da aiki: tele, rediyon tashar, ga bukukuwa da Mahaman ke karɓo mata ba tare da ya tambaye ta ba, ta tsaya tana ɗaga murya a filin taro. Wata Asabar, ana tsakiyar shiri kai tsaye, ta buɗe baki za ta yi wa baƙo tambaya, sai iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Babu. Aka yi sauri aka sa talla.

Likitan maƙogwaro ya duba ta ya girgiza kai. Ya ce wani tsiro ne ya fito a igiyar murya saboda wahalar da ta sha, sai an yi aiki an cire, kuma bayan aikin za ta daɗe ba ta magana.

"Za ta dawo kamar da?" Hajiya ce ta tambaya, don ita ta rako ta.

"Za ta yi magana, in sha Allahu. Amma kamar da, Hajiya, ban yi miki alkawari ba."

Aka yi aikin. Shugaban tashar ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce kujerarta na nan tana jiran ta. Jamilu ya aiko da lemo ta hannun direba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Nasira ta koma Gure a bayan mota, da gyale naɗe a wuya.

Ba ta gama warware kaya ba Mahaman ya zo da sabuwar dabara.

"Inna, muryar Raliya ai kusan ɗaya ce da tata. Na yi magana da mutanen tashar, sun ce a kawo ta su gwada. Kujerar nan ta gidanmu ce, ba za mu bari ta suɓuce ba."

A gaban Nasira aka buɗe akwatinta aka zaɓi atamfofin da suka fi kyau. Raliya na gwadawa gaban madubi tana cewa, "Jama'a, barkanmu da hantsi!" da irin lanƙwasar muryar yayarta. Ta juyo ta ce, "Yaya, ai ba ki buƙatar su yanzu, ko? Zaman ɗaki ba ya son kwalliya." Nasira ta kalle ta kawai. Ko da tana da abin faɗa, babu muryar faɗarsa.

Da likita ya yarda ta fara magana kaɗan-kaɗan, abin da ya fito ba muryar da aka sani ba ce. Wata aba ce mai kauri, a shaƙe, tana yankewa a tsakiyar kalma, sai ta tsaya ta haɗiyi yawu ta ja numfashi kafin ta ci gaba.

"Inna… ina son…"

"Ruwa? Ga randa can."

"A'a… ina…"

"To me? Ke ni fa ina da aiki, in kin tuna kya faɗa."

Mahaman kuwa in ya shigo sai ya kara hannu a kunne. "Me? Me kika ce? Ɗaga murya mana, tauraruwa! Ko sai an kawo mikoro?"

Nan ne Nasira ta san abin da ake ji in magana na cikin bakin mutum, a shirye, cikakkiya, wani ya fizge ta ya ƙarasa da abin da ba shi ne ba. Takan zauna a ɗaki ta tuna wayoyin nan da take kashewa, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, kukan ma ba sauti.

Hajiya ba ta iya jure tambayar mata ba. Ita da ta saba a wurin suna a ce, "Ga uwar Nasira, a ba ta wuri," yanzu sai a ce, "Wayyo, ya mai jiki?" Ta rasa inda za ta sauke kunyarta, sai ta sauke ta kan Ilyasu.

"Wane tsiro?" take ce wa maƙwabta. "Asiri ne! Mai lambun nan ne, da ya ga ta fi ƙarfinsa ya shiga ya fita, ya ɗaure mata murya don su zama ɗaya. Ku dubi yadda take magana yanzu, ba irin tasa ba ce?"

Magana ta bazu kamar wutar daji. Matan da ke sayen albasarsa suka koma wurin wani. Yara suka fara bin sa suna, "Mai ɗaure murya!" Ranar kasuwa Mahaman ya tare shi gaban jama'a, ya ci kwalarsa.

"Ka kwance abin da ka ɗaura, munafuki! Ka rantse ba kai ba ne! Rantse mana!"

Ilyasu ya buɗe baki. "Wa… wa… wal…"

"Kun gani? Kun gani? Rantsuwar ma ta ƙi fita!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Ilyasu ya tattara kayansa ya ɗora wa jaki, ya bar kasuwar tun rana ba ta yi tsaka ba.

Mahaman da bakinsa ya zo yana ba da labari a gida, yana kwaikwayo, yana alfahari. Nasira na jin sa daga ɗaki. Washegari da sassafe ta ɗauki mayafi, ta hau kabu-kabu zuwa bakin kwari, ta gangara da ƙafa.

Ta same shi yana ban ruwa. Da ya gan ta ya ajiye guga, ya tsaya, bai matso ba.

"Ilyasu…" Muryar ta yanke. Ta haɗiyi yawu. Ta jira ya ce, "Na sani, kin zo ba da haƙuri," ya rage mata wahalar. Bai ce ba. Ya tsaya hannuwansa a baya, idonsa a ƙasa, kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya sai sauraronta. Iska na kaɗa ganyen dabino. Ta daɗe tana kokawa, kalma ta fito, ta tsaya, wata ta fito, har ta faɗi duk abin da ta zo da shi: ba ta yarda da maganar asiri ba, ba da saninta Mahaman ya yi abin da ya yi ba, kuma abin da ta yi masa a Damagaram ta san ba ƙaramin abu ba ne, ya yafe mata. Tun da aka yi mata aiki, wannan ne karon farko da ta kai ƙarshen magana ba a tare ta ba.

"Na… na yafe tun a mota," in ji shi. "Amma ban… ban manta ba. Ya yi mini ciwo, Nasira."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kuma I… Iya ta rantse. Ta ce ko ke kaɗai kika rage a… a Gure, ba za ki shiga gidanta ba. An ce ɗanta ma… matsafi ne. Ba ta fita ko suna yanzu. Ni kuma ba zan… ba zan saɓa mata ba."

Iya Hawa, mahaifiyar Ilyasu, tsohuwa ce mai kaifin harshe, duk abin da ɗanta ya rasa na magana ita aka ba. Nasira ta je gaishe ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi sallama da guntuwar muryarta. Iya na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa nake ji kamar ana jan tsohuwar ƙofa? Au, ƴar tele ce? Yau dabino ya ƙare a gidanku ne? Mai kawo muku ba ya nan."

"Iya… na zo…"

"Ban haife ki ba, kar ki ce mini Iya. Da kina da murya ɗana bai isa ki nuna shi ba. Yanzu da masu mota suka watse kin tuna hanyar gidan masu jaki. Tashi ki ba ni wuri, kina tare mini iska."

Nasira ta tashi ta tafi. Bayan kwana biyu ta dawo. Aka sake korar ta, ta sake dawowa. Wata rana ta tarar tsohuwar na fama da tulu, ta karɓa ta kai mata madafa, Iya ta juye ruwan a ƙasa ta sake ɗebo wani. A gida kuma Hajiya kamar ta cinye ta.

"Kin zubar mana da mutunci! Kina bin gidan wanda ya nakasa ki kina durƙuso! Wallahi da ubanki na da rai…"

"Da Baba… na da rai… da tuni… ina gidan."

Hajiya ta ja tsaki ta shige ɗaki.

Nasira ta gane durƙuso ba zai wanke sunan da aka ɓata a kasuwa ba. Abin da aka faɗa a bainar jama'a, a bainar jama'a ake janye shi. Ta je Muryar Kwari ta sami tsohon shugabanta, Malam Mamadu, ta roƙe shi ya ba ta ɗan lokaci a shirin hantsi. Ya dube ta da tausayi.

"Nasira, mutane na riƙe da muryarki ta da a kunnensu. In suka ji wannan, shi ke nan, ita za su riƙe. Kin tabbata?"

"Na… tabbata."

Mahaman ya ji labari ya biyo ta har ƙofar rediyon yana kumfar baki. "In kika shiga kin kashe kanki! Kin kashe Raliya! Za ki ƙaryata uwarki a gaban duniya?" Mai gadi ya tare shi. Ta shiga ta zauna kan tsohuwar kujerarta. Jar fitila ta kama.

"Jama'a… barkanmu… da hantsi."

Kafin ta ci gaba waya ta shigo, mai haɗa sauti ya saka ta bisa kuskure. Wani mutum ne daga Gamu.

"Kai, wane gardi ne wannan kuka sa yana kwaikwayon Nasira? Ku cire mana shi!"

Malam Mamadu ya kai hannu zai kashe mikoro, ta ɗaga masa hannu.

"Ni ce… Nasirar, baba. Wannan… ita ce ta rage mini." Ta ja numfashi. "Ku yi haƙuri… da ni… zan daɗe. Ciwo ne… ya same ni. Likita ya gani… da idonsa… ya cire. Ni na ja wa kaina… da yawan aiki. Ba wanda… ya yi mini asiri. Mutumin da ake zargi… Ilyasu mai lambu… ɗan Iya Hawa… ban taɓa ganin… sharrinsa ba. Alheri kawai. Wanda ya zage shi… saboda ni… ya je ya nemi gafararsa. Ku koma… ku sayi kayansa. Ku hana yaranku… bin sa."

Abin da da za ta faɗa cikin numfashi biyu, ya ɗauke ta lokaci mai tsawo, zufa ta jiƙe mata ɗankwali. A kasuwa masu shayi suka ƙara sautin rediyo, aka yi tsit. Da ta gama, wayoyi suka yi ta shigowa. Wata mata daga Bune ta kira tana kuka, ta ce ɗanta ma in'ina gare shi, har ya daina zuwa lakwal saboda dariya. Nasira ta saurare ta har ƙarshe, ba ta tare ta ba ko sau ɗaya, matar ta faɗi abin da ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Da ta fito, Mahaman ya ɓace. A gindin bangon rediyon kuwa wata tsohuwa ce tsaye, tana haki, da ƴar rediyo a hannu, ta fito ko takalmi ba ta daidaita ba. Iya Hawa ce. Nasira ta durƙusa.

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Muryar nan taki, wallahi, kamar ta tsohuwar akuya."

"Haka ne… Iya."

"Amma tun da nake jin ki, yau ne kika faɗi abin da ya shiga kunnena." Ta goge ido da gefen zane, kamar ƙura ce ta faɗa mata. "Tashi, kar ki tara mini mutane. Rantsuwa na yi, zan yi kaffara. Ki gaya wa baffanki muna tafe ranar Juma'a."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Hajiya Fanna ta zauna wurin biki fuska a murtuke, tana gaya wa duk wanda ya matso cewa ita da ma ba ta taɓa cewa asiri ne ba, mutane ne da ƙarin gishiri. Mahaman ya sha kunyar zuwa kasuwa na ɗan lokaci, daga baya ya koma cewa, "Ni ne yayan Raliya ta tele," har ranar da tashar ta sallami Raliya, don murya kawai ta ɗauko, ba ta ɗauko karatun shiri da girmama baƙo ba. Tashar ba ta sake neman Nasira ba, ita ma ba ta neme su ba.

Muryarta ta ƙara ƙarfi da lokaci, amma zaƙin nan bai dawo ba har abada. Malam Mamadu ya ba ta sabon shiri na ɗauka a kawo. Ilyasu kan goya ta a babur zuwa ƙauyuka da rugage, ta zauna da mata da tsofaffi da waɗanda ba a saba miƙa wa mikoro ba, ta yi tambaya ɗaya ta yi shiru. Shirin ya fi na da farin jini, har rediyoyin wasu garuruwa na roƙon a ba su su saka, kuma da Malam Mamadu ya yi ritaya ita aka ba ragamar shirye-shiryen gidan.

Ƴan'uwa matasa, baiwa aro ce. Wanda ya ba da murya, ko kyau, ko suna, yana iya karɓar abinsa da rana tsaka, masu tafa maka kuma su juya su tafa wa wani, ko da cikin gidanku suke. Kada ka raina mutum don wata nakasa da bai ɗora wa kansa ba, kada kuma dariyar dangi ta sa ka ji kunyar mai ƙaunarka. Ilyasu ya yi haƙuri da wulaƙanci, Allah ya wanke shi a kunnen garin da ya zarge shi. Nasira ta yi haƙuri da jarrabawa, ta rasa muryar da dubbai ke so, ta sami mutum ɗaya da zai tsaya ya ji ta har ta gama.